“Lafiyarsa Ƙalau, Faɗuwa Kawai Ya Yi”: Tarihin Gudan Jini A Huhu, Da Inda Ya Shafe Mu A Dutsin-Ma Da Kurfi

Rubutun yau yana da tsawo, a yi mini haƙuri. Duk wanda ke da mai jego a gida, ko mai karaya da ke kwance, ko tsohon da aka yi wa aiki kwanan nan, ina roƙonsa ya daure ya kai ƙarshe.

Akwai maganar da ba a rasa ji a zaman makoki, a Dutsin-Ma ne, a Kurfi ne, ko a ƙauyukan da ke tsakani: “Lafiyarsa ƙalau fa. Tashi ya yi zai yi alwala, ya ce numfashinsa na sarƙewa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.” Ko kuma a ce: “Ta haihu lafiya, har an yi suna.” Sai a yi addu'a, kafin la'asar an kai mamaci makwancinsa. Babu mai wuce lokacinsa, wannan ba abin gardama ba ne. Amma ajali da sababinsa yake zuwa, kuma sababin mutuwar farat ɗaya ba guda ɗaya ba ne. Akwai bugun zuciya, akwai fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa saboda hawan jini, akwai kuma wani da ko tsayayyen suna ba mu da shi a Hausa: jini ya daskare ya zama guda a cikin jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle, ya ratsa ta zuciya, ya je ya toshe hanyar jini a huhu. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai ɗan karance-karance. Tarihin yadda aka gano wannan cuta nake son bayarwa, domin a cikinsa ne na ga inda tamu matsalar take.

Yadda abin yake a taƙaice: duk jinin da ya gama aiki a jiki yana komawa ɓangaren dama na zuciya, ita kuma ta tura shi huhu ya ɗauko iska. Jijiyoyin ƙafa suna ƙara faɗi in suna hawowa sama, na huhu kuwa suna ƙara tsukewa. Don haka gudan da ya taso daga cinya ba abin da zai tare shi sai ya isa huhu. In ƙarami ne, ya toshe ƙaramin reshe, mutum ya ji haki da suka a haƙarƙari. In babba ne ya zauna a mararrabar babbar jijiya, zuciya ta yi ta turi a banza, cikin mintuna ta gaji.

Wanda ya fara fahimtar wannan tafiya ta gudan jini wani matashin likita ne a asibitin Charité da ke birnin Balin na Jamus, Rudolf Virchow, wajen 1846, yana ɗan shekara 25 ko ƙasa da haka. Don mu gane nisan lokacin, Sarki Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje ne ke sarautar Katsina a lokacin, shekara biyar kafin Bajamushe Heinrich Barth ya iso birnin a 1851. Kafin Virchow, manyan likitocin Turai sun ɗauka a cikin huhun jinin ke daskarewa saboda kumburin jijiya. Shi kuwa aikinsa binciken gawa ne. Ya lura cewa in ya ciro gudan daga huhu ya kai shi ƙafa, sau da yawa bakinsa yana dacewa da bakin wanda ya rage a can, kamar ka haɗa fasasshen kasko. Bai tsaya nan ba, ya riƙa sa guntayen abubuwa a jijiyar wuyan karnuka, daga baya ya same su a huhunsu. Saboda shi ne tun 2014 ake ware 13 ga Oktoba, ranar haihuwarsa, don wayar da kai kan daskarewar jini.

Ku riƙe wannan, zan dawo kansa: daga gawa aka koyi cutar nan. Kusan shekara ɗari bayan Virchow, hanya ɗaya tabbatacciya ta sanin mutum na da ita ita ce ya mutu a buɗe ƙirjinsa.

Dalilai uku da ake jingina wa sunansa har yau su ne: jini ya daina gudu yadda ya kamata, ko jijiya ta ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. To a ɗora wannan a kan rayuwarmu. Yaro ya faɗo daga acaɓa a hanyar Kankara ko ta Safana, cinya ta karye, aka kai shi wurin maɗori, ya kwanta sati shida ba ya motsa ƙafa: ga rauni, ga rashin motsi. Mace mai ciki, Allah ya sa jininta ya fi saurin daskarewa don kada ta zubar da yawa wurin haihuwa, kuma wannan yanayi yana nan da ƙarfinsa har sati shida bayan haihuwa. Sati shida kwana 42 ne, kusan daidai da arba'in ɗinmu. In aiki aka yi mata aka ciro jariri, haɗarin ya ƙaru. Ga masu sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu. Ga mai ciwon daji, ga tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ga kuma zaman mota. A 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, wani likitan binciken gawa, Keith Simpson, ya ga mutuwa da wannan cuta ta ƙaru a cikin mutanen da ke kwana a zaune kan kujeru a maɓoya, katakon kujera na danne bayan gwiwa. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa zaman tafiya na sa'a huɗu ko fiye yana ninka haɗarin sau biyu, ko da yake ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne, kamar mutum ɗaya cikin 6,000. Fatakenmu da ke bin shanu zuwa Legas suna yin yini da kwana a cunkushe. Jirgin alhazai daga Katsina zuwa ƙasa mai tsarki ya haura sa'a huɗu, kuma da yawa daga cikin fasinjojinsa dattawa ne da suka rage shan ruwa don gudun zuwa bayi.

Duk da haka, shekaru da yawa littattafan likitanci sun tafi a kan cewa wannan cutar Turawa ce. Mashahurin likitan nan da ya yi aiki a Yuganda, Denis Burkitt, ya rubuta a 1972 cewa ba kasafai ake ganinta a karkarar Afirka ba, ya danganta hakan da abincinmu mai dusa. Wataƙila akwai ƙamshin gaskiya a lokacin, mutanen karkara na tafiyar ƙasa, ba su da ƙiba, kaɗan ne ke kai shekarun tsufa. Amma da likitocinmu suka duba da kansu sai labari ya sauya. Binciken gawawwaki a asibitin koyarwa na Ibadan, wanda aka wallafa a 1992 da wani a 2006, ya samu cutar a kimanin 3 zuwa 4 cikin kowace gawa 100 da aka buɗe. Ashe tana nan. A ganina, akidar “ba ta kama mu” ta fi rashin na'ura yi mana illa, domin likitan da aka koya wa cewa abu ba ya faruwa ba zai neme shi ba.

Magani ya riga ganewa zuwa, kuma labarinsa zai burge duk mai kiwo. Hefarin, allurar da ke hana jini daskarewa, wani ɗalibin likitanci a Amurka, Jay McLean, ya faro gano ta a 1916, amma sai tsakiyar shekarun 1930 aka iya tace ta har a yi wa mutum. Ƙwayar sha kuwa daga shanu ta fito. A shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini, in an yi wa sa fiɗiya jini ba zai tsaya ba. Aka gano harawa ce da ta yi fumfuna. A 1933 wani manomi ya ɗauko matacciyar saniya da gwangwanin jinin da ya ƙi daskarewa ya kai jami'ar Wisconsin, ya faɗa hannun wani masanin sinadarai, Karl Link. Wajen 1940 suka ware sinadarin. A 1948 aka fitar da wani nau'insa mai suna wafarin a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 aka ba shugaban Amurka Eisenhower bayan ya samu bugun zuciya. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya ce maganin ɓeran kasuwa magani ne, guba ce. Ko wafarin na asibiti sai da awon jini akai-akai, kuma ba a ba mai ciki domin yana illata ɗan tayi.

Hujjar cewa maganin na ceton rai ta fito ne daga Biristol ta Ingila a 1960. Likitoci biyu, Barritt da Jordan, suka raba majinyata 35 gida biyu. Cikin 19 da ba a ba magani ba, 5 suka mutu da cutar, wasu 5 ta sake dawo musu. Cikin 16 da aka ba, babu wanda cutar ta kashe. Daga nan aka daina barin kowa babu magani. Ƙaramin bincike ne ƙwarai, amma ba a sake yin irinsa ba domin babu likitan da zai yarda ya hana majinyaci maganin.

Saura ganewa a jikin mai rai, nan ne wahalar. Alamominta na kowa ne: haki, bugun zuciya da sauri, suka a ƙirji in an ja numfashi, tari, wani lokaci da jini, wani lokaci suma. Awon bugun zuciya da hoton ƙirji, waɗanda aka bayyana alamominsu tsakanin 1935 da 1940, sau da yawa ba sa nuna komai. Hasali ma mai haki sosai da hoton ƙirjinsa ya fito fes, shi ya kamata a fi zargi. A 1964 aka fara hoton huhu da sinadari mai haskakawa, amma wani babban bincike a Amurka a 1990 ya nuna yawancin sakamakonsa ba eh ba ne ba a'a ba, kuma kusan biyu cikin uku na waɗanda aka zarga ba su da cutar. Sai a 1992 wata likitar hoto a birnin Lille na Faransa, Martine Rémy-Jardin, ta nuna cewa siti sikan mai sauri, in an sa ruwan hoto a jijiya, yana nuna gudan ƙuru-ƙuru. Shi ne ma'auni har yau. Abin dariya, a Amurka ya yi yawa: daga 1998 zuwa 2006 adadin waɗanda aka ce suna da cutar ya ƙaru da kusan kashi 80 cikin ɗari, amma mutuwa ba ta ragu sosai ba, domin na'urar na kamo ƙananan gudaje da ba lallai su yi illa ba. Su suna fama da gani fiye da kima, mu muna fama da rashin gani.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan ba na'ura ba ce, takarda ce. A ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2000 wani likita a Kanada, Philip Wells, ya tattara tambayoyi bakwai ya ba kowace maki. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, maki uku. Babu wata cuta da ta fi wannan dacewa da alamomin, maki uku. Bugun zuciya ya haura 100 a minti, ɗaya da rabi. An yi aiki cikin sati huɗu da suka wuce ko an kwanta kwanaki ba motsi, ɗaya da rabi. An taɓa samun gudan jini a baya, ɗaya da rabi. Tari da jini, ɗaya. Ciwon daji, ɗaya. In jimla ta haura huɗu, zargi ya yi ƙarfi, a nufi hoto. In ba ta haura ba, a yi gwajin jini da ake kira di-daima, mai auna ɓurɓushin gudan jini da ke narkewa. In ya fito babu, a nemi wata cutar. Duk tambayoyin nan bakwai babu wadda ke buƙatar wutar lantarki. Biro, agogo da tef ɗin tela na auna kaurin ƙafa sun isa.

Sai dai a nan ƙasarmu abin yana da ƙarin ruɗani, dole a faɗa. Di-daima yana hawa a jikin mai ciki, da mai maleriya mai tsanani, da mai sikila, da tsoho, don haka hawansa ba hujja ba ce, rashin hawansa ne ke da amfani. Tari da jini a wurinmu tarin fuka ake fara kawowa, kuma da gaskiyar mai kawo shi. Suka a haƙarƙari limoniya ce sai an ga akasin haka. Mai jego da ke haki kuwa, Arewa tana da nata tarihin: a shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a Zariya suka bayyana ciwon gazawar zuciya bayan haihuwa, kusan mace ɗaya cikin haihuwa 100, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon da aka hura wuta a ƙasansa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya fi karkata ga talauci, rama da hawan jinin ciki. Ko ma mene ne dalili, ƙafafun mai wannan ciwo biyu ne ke kumbura, na mai gudan jini yawanci ɗaya ce, kuma cututtukan biyu na iya haɗuwa a jikin mace guda. Dukansu na asibiti ne cikin gaggawa, ba na hayaƙi ko ƙarin ruwan zafi ba.

Kada kuma a ɗauka sakaci a nan kawai yake. Serena Williams, 'yar wasan tanis da duniya ta sani, ta taɓa samun cutar a 2011. A 2017, kwana ɗaya bayan an yi mata aikin haihuwa, ta ji haki, ta ce a yi mata siti sikan a sa mata hefarin. Aka fara ɗauka ruɗewar magani ce, aka yi sikanin ƙafa ba a ga komai ba, da aka yi hoton da ta nema sai ga gudaje a huhu. Ta tsira ne domin ta san sunan cutar kuma ta nace. Ina tunanin 'yar ƙauyen Kurfi mai haihuwar fari, wadda kunya ba za ta bar ta ta ce wa surukarta numfashinta ba daidai ba.

Bayan an gano, tambaya ta gaba ita ce wa zai tashi, wa ke bakin haɗari. Nan ma lissafi mai sauƙi aka samar, a 2005, aka ƙara sauƙaƙa shi a 2010 zuwa abu shida: shekaru sama da 80, ciwon daji, tsohon ciwon zuciya ko huhu, bugun zuciya 110 ko fiye, awon jini na sama ƙasa da 100, iskar oksijin a jini ƙasa da 90. Wanda ba shi da ko ɗaya, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke mutuwa cikin wata guda. Mai ɗaya ko fiye, kusan 11 cikin 100. Kayan aikin su ne abin awon jini da ɗan matsin yatsan nan da muka saba gani tun zamanin korona. Wanda ya tsira zai sha magani aƙalla wata uku, wasu har iya rayuwa. A nan ake yawan faɗuwa: mutum ya ji sauƙi bayan sati biyu, ya ga tsadar sababbin ƙwayoyin irin Xarelto, ya ajiye. Kaɗan daga cikin waɗanda suka warke hakin ba ya barinsu domin gudan bai narke duka ba, su ma suna buƙatar komawa a duba zuciya.

To mu dawo gida. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ta Kurfi kusan kilomita 60 ne. Mai buƙatar siti sikan sai ya nufi Katsina, ko asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika. Da rana tafiyar sa'a guda ce, da dare kuwa kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Dutsin-Ma da Kurfi, na tsawon watanni. Ko kiran mai mota ba ya yiwuwa. Shi ya sa nake ganin kiran a sayo mana babbar na'ura ba shi ne na farko ba. Ƙa'idar likitoci ta yarda a fara allurar hana daskarewa kafin hoto in zargi ya yi ƙarfi kuma babu haɗarin zubar jini. Abin da asibitin gari ke buƙata shi ne allurar a cikin firji, oksijin, ɗan matsin yatsa, takardar tambayoyin nan a manne a bango, da ma'aikacin da aka koya wa duba jijiyar cinya da na'urar sikanin da ake duba masu ciki da ita. Mu kuma a gida, ƙafa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi bayan haihuwa, karaya, aiki ko doguwar tafiya, kada a yi mata tausa. Ƙaho ma ba ya kaiwa inda gudan yake, yana can cikin jijiyar da ke ƙarƙashin tsoka. Mai jinya a taimaka masa ya riƙa motsa ƙafa yana ɗan takawa da zarar likita ya yarda.

Na ce ku riƙe maganar gawa. Turai ta san cutar nan ne domin ta buɗe matattunta ta ƙirga. Mu addininmu ya umarce mu da gaggauta jana'iza, kuma ba ina kiran a sauya wannan ba ne. Amma mu ma'aikata mun san ƙa'idar ofis: abin da ba ya cikin fayil ba ya shiga kasafin kuɗi. Mutuwar da aka rubuta “gajeriyar rashin lafiya” ba za ta sa a sayi allura ko ɗaya ba. Akwai hanya ta tsakiya, kuma an gwada ta kusa da mu. Da mace-mace suka yi yawa a Kano a Afrilun 2020, ba a tone kabari ba, gida-gida aka bi ana tambayar iyalai yadda ciwon ya faro da yadda ya ƙare. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya sanar cewa cikin mutuwa 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 na da alaƙa da korona, cutar da ita ma aka tabbatar tana haddasa gudan jini a huhu. Irin wannan tambaya ma'aikacin lafiya na gunduma zai iya yin ta bayan sadakar uku, da izinin mai gida da sanin mai unguwa: ta haihu kwanan nan? An yi masa aiki ko ɗori? Ya dawo daga doguwar tafiya? Ƙafa ɗaya ta kumbura? Hakin ya zo ne farat ɗaya? A rubuta a rajista, ƙarshen shekara a kai wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma a Dutsin-Ma da Kurfi, a ga nawa ne.